Yadda ake gyara tankin jatan lande da ya fara yoyo

Ranar da tankina na farko ya fara yoyo, da asuba na taka kafet na ji sanyin ruwa a tafin ƙafata. Tankin gilashi ne mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, wato yana cin lita 54, a ciki kuma akwai jajayen jatan lande na ado, irin Neocaridina ɗin nan da asalinsu daga Taiwan ne, sun haura ɗari idan aka haɗa da ƙananan. Jiki na rawa na kwashe su na zuba a bokitin sabon ruwan famfo, na shafa gam a inda nake zato, washegari na mayar da su. Kafin mako ya zagayo fiye da rabinsu sun mutu, tankin kuma bai fasa ɗiga ba. Yoyon bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba, ni na kashe su da hannuna.

Tun daga lokacin na gyara tankuna da dama, nawa da na abokai, kuma abin da na gane shi ne gidan jatan lande na gaskiya shi ne ruwan da suka saba da shi da sosan matatarsu. Gilashi mazubi ne kawai. Kifi kan jure canjin ruwa na bazata, su kuwa waɗannan halittu sauyi kaɗan a ɗumi ko gishirin ruwa yakan tilasta musu saɓa ba lokacinta ba, wasu su maƙale a cikin tsohon ɓawo su mutu, matan da ke ɗauke da ƙwai su zubar. Don haka rabin aikin nan na ceton ruwa ne, kafin a zo maganar gam.

Kayan da za ka tanada

Baho ko robar ajiya mai cin lita 30 zuwa 50. Sabuwa ta fi, ko wadda ka tabbata ba a taɓa wanki da omo a cikinta ba. Babbar kula ta abinci ma tana yi, har ta fi riƙe ɗumi daidai.

Jarkoki ko bokitai biyu zuwa uku masu tsafta, na adana tsohon ruwa. Jarkar da ta taɓa ganin fetur, kalanzir ko maganin ƙwari ba ta shiga wannan aiki ko an wanke ta sau goma.

Tiyo na zuƙo ruwa, da siririyar robar iska ta famfon tanki.

Ƙaramar raga mai laushi da ƙananan idanu, da farin kwano, da babban sirinji da aka yanke bakinsa.

Famfon iska, in da hali har da mai batir saboda ɗauke wuta.

Silikon na tankin kifi, wato gam ɗin liƙe gilashi, kwalba ɗaya ta kimanin mililita 300 ta ishi tanki irin nawa, da bindigar matsa shi.

Sababbin reza guda biyar ko fiye, sifirit na kemis, tsumma marar gashi, salatif na takarda irin na masu fenti, alƙalamin maka, tocila, tishu, tsofaffin jaridu ko kwali, da tawul.

Maganin kashe kulorin ɗin da ake sa wa ruwan famfo, ma'aunin zafin ruwa, da kayan gwajin amoniya, gubar da kashi da ragowar abinci ke saki a ruwa, idan kana da su.

Maganar silikon tana buƙatar a tsaya a kanta, domin a nan mutane suka fi faɗawa rami. Wanda ake so shi ne zallan silikon ɗari bisa ɗari, mai warin ruwan khal idan an buɗe shi, kuma an nuna a jikinsa cewa na tankin kifi ne. Wanda aka yi don bayi da kicin ana zuba masa maganin hana fumfuna, wannan magani kuwa yana narkewa a ruwa sannu a hankali ya kashe jatan lande. Mai shago zai iya ce maka duk ɗaya ne. Karanta jikin kwalbar da kanka, ka duba ranar lalacewarsa ma, don tsohon silikon yakan ƙi bushewa ya zauna kamar danƙo.

1. Kashe wuta kafin komai

Kada ka taɓa tankin ƙafarka a cikin ruwa. Je ka kashe wutar daga bango, ka cire soket, ka ɗage wayoyi sama. Idan kana da hita a ciki, ka bar ta ta huce kamar minti goma sha biyar kafin ka rage ruwa, domin hita mai zafi tana fashewa idan ruwa ya janye ya bar ta a iska. Sai ka jera tawul a gindin teburin.

2. Tabbatar yoyo ne

Cikin kiran da ake yi mini na "tankina yana zuba", da yawa ba gilashin ba ne. Duba robar iska: idan famfon yana ƙasa da tankin aka ɗauke wuta, ruwa yakan biyo robar ya gangaro ƙasa. Duba matatar da ake ratayawa a baya, in sosonta ya toshe tana ambaliya ta gefe. Wani lokacin ganye ne ko zaren gansakuka ya haye bakin gilashi yana jan ruwa waje kamar lagwani. Akwai kuma tururin da ke taruwa a murfi ya ɗigo ta baya.

Raguwar ruwa kaɗai ba hujja ba ce. Da hunturu iska takan shanye ruwan buɗaɗɗen tanki har ka ga ya sauka a fili cikin kwana biyu. Yadda za ka raba gardama: goge tankin da teburin su bushe ƙarau, sa alama da maka a daidai bakin ruwa, ka manna tishu a kowace kusurwa da kewayen gindi. Bayan rabin sa'a ka dawo da tocila. Tishun da ya jiƙe shi zai nuna maka ɓangaren. Amma ka sani ruwa yana bin haɗin gilashi ya gangara, inda ka ga danshi sau da yawa ƙasa yake da inda ƙofar take, sai ka bi shi zuwa sama har inda tishu ya daina jiƙewa.

3. Duba girman ɓarnar ka yanke shawara

Yoyo iri uku ne, kowanne da hukuncinsa.

Idan ƙofar tana can sama kusa da baki, ka yi sa'a. Rage ruwa ya sauka santimita uku zuwa biyar ƙasa da ita, yoyo ya tsaya, ka sami kwanakin da za ka shirya a natse. Jatan lande ba su damu da zurfi ba.

Idan a ƙasa take ko a tsakiyar kusurwa, kuma ɗigo ne ɗaya bayan ɗaya, kana da 'yan sa'o'i. Rage ruwan zuwa rabi don nauyi ya ragu a kan haɗin, ka wuce mataki na huɗu.

Idan kuwa gilashin ne ya tsage, ko ka haska tocila ka ga silikon ɗin da ke tsakanin gilashi da gilashi ya yi fari, ya yi kumfa-kumfa, ko ka danna da yatsa ka ji bangon yana motsi, to yanzu-yanzu za ka kwashe komai. Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, tanki mai lita 54 kenan ya fi buhun siminti nauyi tun kafin a lissafa tsakuwa da gilashi, kuma haɗin da ya fara saki yana iya buɗewa gaba ɗaya a lokaci guda. Irin wannan ba a gyara shi da shafe. Sai an wargaza tankin an sake haɗa shi, ko a canza gilashin da ya tsage. Ra'ayina, idan ƙaramin tanki ne da bai kai lita 40 ba, sayen sabo ya fi sauƙi da kwanciyar hankali. Idan ka kai wa mai yankan gilashi ya sake haɗa maka, tafi masa da silikon ɗinka, in ba haka ba da na taga zai yi maka aiki.

Wani abu kuma: in tankinka na roba ne mai kama da gilashi, silikon ba ya kama shi da kyau, wannan bayanin bai shafe shi ba.

Kada ka ɓata lokaci wajen liƙe yoyo daga waje. Ruwa yana turo abin da ka manna, silikon kuma ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. Iyakarsa ya ba ka daren yau.

4. Haɗa musu masauki

Ajiye bahon a ƙasa, a wurin da rana ba ta bugawa kuma ba hanyar yara ba. Zuƙo ruwan tankin da tiyo daga sama-sama, tun kafin ka motsa komai ya gurɓace, ka cika bahon. Sauran ka zuba a jarkoki. Ɗaura ɗan soso a bakin tiyon don kada ya zuƙe ƙananan. Duk abin da za ka iya ceta na tsohon ruwa ka ceta, ko da kashi bakwai cikin goma ne.

Daga nan sai matata. A cikin sosonta ƙwayoyin halittar da ke cinye amoniya suke zaune, su ne suke mayar da kashin dabbobin da ragowar abinci abin da ba ya kisa. Ɗauke ta ka tsoma a bahon kai tsaye, ka haɗa iska ta ci gaba da aiki. Kada ka wanke ta, kada ka bari ta bushe, kada ruwan famfo ya taɓa ta. Wanda ya rasa sosan nan ya koma farkon kiwo, sai ya jira makonni huɗu zuwa shida kafin sabo ya nuna. Idan matatarka irin ta ratayawa ce da ba za ta zauna a bakin baho ba, ciro sosonta ka jefa a ruwan, ka sa robar iska a ƙarƙashinsa.

Sai tsire-tsire, gansakuka, itace da duwatsu. Ɗaga su a hankali ka kai bahon yadda suke, domin ƙananan suna maƙale a jikinsu, kuma yauƙin da ke kansu shi ne abincinsu na asali.

Rufe bahon, don jatan lande da suka firgita suna hawa robar iska su fito. A nan ga gargaɗin da ya shafe mu musamman: kada ka yanki gidan sauro ka yi murfi ko ragar kamu da shi. Mafi yawan gidajen sauron da ake rabawa an jiƙa su da maganin ƙwari, jatan lande kuwa dangin ƙwari ne ta wajen halitta, abin da ke kashe sauro yana kashe su. Haka maganin fesawa, da na kunnawa, da fiya-fiya, duk a hana su a ɗakin har a gama. Hannunka ma ka wanke shi da ruwa zalla, ba sabulu ba mai ba turare, kafin ka tsoma.

5. Kwashe su

Rage ruwan tankin ya zama kamar tsawon yatsa. Manyan za ka kama da raga, amma kada ka bi su da gudu, suna harbawa da baya kamar walƙiya. Ajiye ragar a kusurwa ka koro su da ɗayan hannun. Na ga ya fi sauƙi a jefa ɗan ganyen alayyafo da aka wanke sosai aka tsoma a tafasasshen ruwa, a jira minti ashirin su taru a kansa, a ɗage su tare. Matan da ka ga ƙwai rawaya ko kore a ƙarƙashin cikinsu, ka kore su cikin kofi a cikin ruwa, kada ka ɗaga su a iska. Kusan wata guda suke ɗauke da ƙwan nan, ashirin zuwa talatin kowacce, firgita kuma tana sa su saki.

Ƙananan su ne aikin. Sabon ƙyanƙyasa bai wuce milimita biyu ba, kuma kusan ba shi da launi. Kashe fitilar ɗaki, ka haska tocila daga gefen gilashi dab da ƙasa, ka yi shiru. Za ka fara ganin wasu ɗige-ɗige suna tafiya a kan tsakuwa. Zuƙe su da sirinji ko da siririyar robar iska zuwa cikin farin kwano, a kan fari suke fitowa sarai. Idan ka ga kamar ka gama, bar tankin na sa'a ɗaya ruwa ya kwanta ka sake dubawa. Ban taɓa komawa na rasa wasu ba. Duk ruwan da za ka zubar, bar shi ya kwanta a bokiti ka haska tukuna.

6. Kwashe ƙasan tankin

Tsakuwa ko yashi ka kwashe da ƙaramin kwanon roba, kada ka yi amfani da ƙarfe ya karce gilashi. Zuba a bokiti da ɗan tsohon ruwa ya rufe shi. Idan ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai ko ka ga baƙi a ƙasan yashin, ɗauraye shi da kyau kafin ya koma. Masu amfani da baƙar ƙasar nan ta musamman da ake sa wa jatan lande irin Caridina su sani tana farfashewa idan an motsa ta, tana kuma iya sakin amoniya, saboda haka kada a zuba ta a masaukin.

Kada ka ɗaga tanki da ruwa ko tsakuwa a ciki, ko kaɗan ne. Yawancin yoyon da na gani daga nan ya samo asali.

7. Kankare tsohon silikon

Ɗauraye tankin da ruwa zalla ka bar shi ya bushe. Ka fahimci cewa silikon biyu ne a kowane haɗi: akwai siririn da ke tsakanin gilashi da gilashi, shi ke riƙe tankin, akwai kuma mai kaurin da aka shafa a kusurwa daga ciki. Na cikin za ka cire. Kwantar da reza a jikin gilashi ka tura ta zuwa kusurwa, ka yi haka ta ɗayan bangon, zaren zai ɗago ka ja shi. Kada ka cusa rezar tsakanin gilasan biyu.

Tambayar da kowa ke yi ita ce ko zai iya cire na wurin yoyon kaɗai. Sabon silikon ba ya kama tsoho, inda suka haɗu nan sabuwar ƙofa za ta buɗe. Cire duka, kusurwoyi huɗu na tsaye da layuka huɗu na gindi. Aiki ne mai cin rai, yakan ɗauke ni sa'o'i biyu a ƙaramin tanki, kuma shi ne ke raba gyaran da zai yi shekaru da wanda zai yi wata. Canza reza da zarar ta dakushe. Bayan babban zaren ya fita akwai wani siririn hazo da ke saura a jikin gilashi, ido ba ya ganinsa sosai amma yatsa yana jin santsinsa. Ci gaba da kankara har yatsanka ya riƙa tirjewa. Share ɓarɓashin, ka goge da sifirit sau biyu, ka bar shi ya bushe, kada ka sake taɓa wurin da hannu.

8. Shafa sabo

Manna salatif a kowane gefe na kusurwa, ka bar tazarar milimita biyar zuwa shida daga haɗin. Lanƙwasa ƙarshen kowane salatif don ya yi sauƙin ja. Yi aikin a inda iska ke shiga, nesa da bahon, warin yana hawa kai.

Yanke bakin kwalbar a karkace. Fara da gindi, ka zagaye shi ba tare da ka tsaya ba, sannan kusurwoyin tsaye daga ƙasa zuwa sama. Nan take ka bi da yatsa sau ɗaya kana dannawa don ya shige lungu, kada ka yi ta komawa. Wasu suna tsoma yatsa a ruwan sabulu don ya yi santsi, kai kada ka yi, yatsa a safar roba ya isa. Cikin minti goma saman silikon yake fara yin fata, da zafi ma bai kai haka ba, don haka ka gama komai ka cire salatif tun yana ɗanye. In ka ga kumfar iska ta maƙale, huda ta ka danne tun a lokacin. Wanda bai taɓa riƙe bindigar ba ya fara gwadawa a kusurwar kwali.

9. Jira, sannan ka gwada

Silikon da danshin iska yake bushewa, daga waje zuwa ciki, kimanin milimita biyu zuwa uku a kwana ɗaya. Saboda haka da hunturu, lokacin da iska ta bushe, ya fi jinkiri, ni nakan ajiye kwanon ruwa kusa da tankin. Mafi ƙaranci kwana uku. Don jatan lande nakan ba shi mako guda, kuma ba na zuba ruwa sai na sa hanci a ciki na ji babu sauran warin khal.

A wannan mako kula da bahon ita ce aikinka. Rage abinci sosai, ɗan kaɗan bayan kwana biyu, abin da ya rage bayan sa'a biyu ka cire. Ba za su ji yunwa ba ga gansakuka. Neocaridina sun fi jin daɗi tsakanin digiri 20 zuwa 26, idan ruwa ya doshi 30 iskar cikinsa takan ragu, sai ka juya fanka tana busa saman ruwan. Kada ka jefa ƙanƙara. In an ɗauke wuta babu famfon batir, ka riƙa ɗibar ruwan da kofi kana zubawa daga sama lokaci-lokaci. Amoniya ya kamata ta tsaya a sifili. In ba ka da kayan gwaji, idonka ne ma'auni: ka ga suna zagaye bahon a guje ko sun taru a bakin ruwa, canza kashi ɗaya cikin goma da ruwan jarka. Ɓawon saɓa fari da za ka gani a ƙasa ba gawa ba ne, bar musu su cinye, gawa ita ce mai launin hoda, ita ake cirewa.

Ranar gwaji fitar da tankin waje, a kan shimfiɗaɗɗen wuri, ka sa jarida a ƙarƙashinsa. Cika kashi ɗaya cikin uku ka jira sa'a biyu, ka ƙara, har ya cika. Bar shi kwana biyu. Ɗigo ɗaya zai nuna a jarida. In ya nuna, babu wata dabara, sai a koma mataki na bakwai.

10. Gyara mazauninsa

Kafin tankin ya koma, bincika abin da ya jawo yoyon. Ɗora ma'aunin magina a kan teburin ta tsawo da ta faɗi. In babu, zuba ruwa kaɗan a tankin ka auna tsayinsa a kusurwoyi huɗu. Teburin katakon da ya sha ruwa ya kumbura ko ya lotsa a tsakiya canza shi za ka yi. Tankin da gindinsa gilashi ne zalla yana son shimfiɗar soso mai kaurin kamar rabin santimita, ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashinsa tana iya tsaga shi. Gyaran karkata a ƙafar tebur ake yinsa, ba a cusa wani abu a ƙarƙashin gilashi.

11. Mayar da su gida

Zubar da ruwan gwaji, ka ɗauraye. Mayar da ƙasa, ka ɗora faranti a kai ka zuba ruwan jarkoki a kansa don kada ya tayar da laka. Cike gurbin da sabon ruwa irin wanda ka saba ba su, daga rijiya ɗaya ko famfo ɗaya, ba yau ce ranar gwada wani ruwa ba. In na famfo ne sa masa maganin kulorin. In babu maganin, bar shi a buɗe da iska tana kaɗa shi kwana biyu, ko da yake wannan ba ya cire nau'in kulorin da ake haɗawa da amoniya. Kada ka bi da shi ta bututu ko tukunyar jan ƙarfe, jan ƙarfe guba ne gare su.

Sa rabin tsire-tsiren da robar iska, ka bar tankin ya kwana biyu. Masu baƙar ƙasa su gwada amoniya, sai ta nuna sifili kwana biyu a jere. Sannan ka rage ruwan bahon zuwa kashi ɗaya cikin uku, ka ɗauko robar ƙarin ruwa sabuwa daga kemis, irin ta asibiti mai ɗan tayan rage gudu. Sa bakinta ɗaya a tanki ɗaya a baho, ka daidaita ta a ɗigo ɗaya ko biyu cikin daƙiƙa. In ba ka samu ba, ƙulla robar iska ƙulli sako-sako, tana yin aikin. Idan ruwan bahon ya ninka kuma ɗuminsu ya zo ɗaya, mayar da matata, sannan jatan landen, sannan sauran gansakuka.

Kashe fitila ranar, kada ka ba su abinci sai washegari. Makonni biyu na farko canjin ruwa kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma. Bahon kuma kada ka kife shi tukuna. Bar shi da ɗan ruwa da guntun ganye kwana uku, ka riƙa leƙawa da tocila da daddare, akwai sauran ƙanana a ciki.